Juyi a kan katakon jimnastik: ki hau tukuna, sannan ki zagaya

Akwai wata yarinya da na fara horarwa tun tana 'yar shekara 9. Kafin ta cika 11 tana yin alkafura ta baya a kan dogon katako, ta dira daram, ko gezau. Amma da zarar an ce ta yi juyi ɗaya a kan ƙafa ɗaya, abin da ake koya wa 'yan farko, sai ka ga kafaɗunta sun tashi har sun kusa taɓa kunne. Ta juya, ta yi tangal-tangal, ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Wani lokaci ta tsira, wani lokaci ta sauko katifa. Rannan ta sauko sau huɗu a jere, ta dube ni ido ya ciko, ta ce, "Malama, wallahi katakon ne yake guduwa daga ƙarƙashina."

Ban amsa mata ba. Na mayar da ita kan ƙaramin katako, na durƙusa a gefe, na saita kyamarar wayata daidai idon sawunta, na ce ta sake. Muka zauna a bakin katifa muka kalli bidiyon a hankali, hoto bayan hoto. Hannunta ya riga ya yi nisa da tafiya, kafaɗa ta bi shi, amma dunduniyarta tana nan kusan manne da katako, ba ta ɗaga ba sai kamar faɗin yatsu biyu. Saman jiki ya tafi, ƙafa ta biyo baya tana ja. Ta kalla sau uku, sannan ta ce, "Ashe ban ma hau ba."

Abin da nake so ki riƙe daga wannan rubutu ke nan. Juyi tsayuwa ce a kan yatsu, wadda aka ɗan murza. Idan tsayuwar ta miƙe, ƙarfin da ake bukata don a zagaya kaɗan ne ƙwarai. Idan ba ta miƙe ba, duk ƙarfin da kika zuba sai ya zama abin da zai jefar da ke. A shekarun da na yi ina tsaye a gefen katako, juyin da na ga ya lalace a tsakiyar zagaye ba su da yawa. Yawancinsu tun kafin a fara zagayawa suka lalace.

Bari mu ɗan yi lissafi, don ki ga dalilin da ya sa nake damuwa da wannan ɗan ƙaramin motsi. Katakon gasa tsawonsa mita 5 ne, tsayinsa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa santimita 10 kacal, wato tafin ƙafarki ya kusa cinye shi. A littafin dokokin hukumar jimnastik ta duniya, FIG, wadda hedikwatarta ke Lozan a Suwizalan, juyi ɗaya a kan ƙafa ɗaya yana matakin A ne, darajarsa 0.1, mafi ƙanƙanta a littafin. Sai dai cikin sharuɗɗa huɗu da aka gindaya wa wasan katako akwai na juyi, kuma kowane sharaɗi rabin maki ne. Dokokin baya-bayan nan sun yarda a cika shi da wasu motsi irin na mirgine, amma har yanzu mafi yawan 'yan wasa da juyi suke cika shi. Idan jikinki ya yi rawa bayan juyi, alƙalai za su cire 0.1 ko 0.3 ko 0.5, gwargwadon girman rawar. Kika kama katako da hannu, rabin maki ya tafi. Kika faɗo, maki ɗaya cur, kuma sakan 10 gare ki ki koma sama. To kin ga motsin da bai wuce 0.1 ba yana iya cinye miki ninkinsa goma. Ga kuma wata doka da 'yan wasa da yawa ba su sani ba: alƙali yana ƙidaya juyinki ne zuwa inda dunduniya ta sauka. Idan ta faɗi kafin ki cika zagaye, sauran da kika ƙarasa da jan ƙafa ba ya cikin lissafi.

Ƙafar da ke ɗauke da ke

Daga nan nake farawa da kowa, ko sabuwa ce ko ta shekara goma tana gasa. Ki cire takalmi, ki tsaya gaban madubi, ki dafa bango da yatsa ɗaya, ki yi ɗage a kan ƙafar da kike juyi da ita. Ki hau har ƙarshe, har ki ji babu sauran inda dunduniya za ta ƙara tashi. Yanzu ki dubi ƙafar.

Nauyinki ya kamata ya zauna a gindin babban yatsa da na kusa da shi. Idan kika ga idon sawu ya karkata waje, nauyi ya gangara wajen ƙaramin yatsa, to kin gano ɓarawon. A ƙasa ba za ki ji illar wannan karkata ba sosai, domin fili yana da faɗi. A kan santimita 10 kuwa, karkatar da ba ta kai faɗin farce ba a idon sawu, kafin ta iso kafaɗa ta zama babbar rawa. Haka nan yatsun su kwanta a miƙe, su baje. Yarinyar da ke tsoro takan dunƙule yatsu kamar za ta damƙi katakon, kuma dunƙulallen yatsa ba ya barin ƙafa ta murza.

Me ya sa nake nacewa a kan hawa har ƙarshe? Dalili biyu. Na farko, idan dunduniya ta yi sama sosai, wurin da ke taɓa katako ya zama ɗan ƙarami, gogayya ta ragu, ƙafa ta juya cikin sauƙi. Na biyu, idon sawu yana kullewa idan ya kai ƙarshen miƙewarsa da tsoka a ɗaure, ya zama tamkar ginshiƙi. A rabin hanya kuwa sako-sako yake, yana neman inda zai tsaya, kuma wannan neman shi ne rawar da kike ji.

Atisayen ba shi da daɗin kallo, na sani. Ki tsaya a bakin matakala ko a gefen katifa mai tauri, ƙafa ɗaya, ki sauke dunduniya ƙasa a hankali, ki hau har sama, sau 15, ki huta, ki maimaita sau uku a kowace ƙafa. Kada ki yi tsalle-tsalle da shi. Ki ƙirga biyu wajen hawa, uku wajen sauka. Sannan ki ɗaura robar atisaye a tafin ƙafa, ki riƙa tura ta ciki da waje, domin ƙananan tsokokin gefen idon sawu su ne masu hana karkata. Daga nan sai tsayuwar kanta: ɗage a ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a naɗe, yatsunta a gefen gwiwa, babu dafa komai. Ni ƙa'idata ita ce wadda ba ta iya riƙe wannan tsayuwa na sakan 10 a ƙasa, da sakan 5 a kan ƙaramin katako, ba ta shirya yin cikakken juyi a kan dogo ba. 'Yan wasa ba sa son jin wannan, iyayensu ma ba sa so, amma ban taɓa yin nadamar riƙe yarinya a wannan mataki ba.

Gwiwar ƙafar tsaye ta miƙe sambal. Ki ja ƙoƙon gwiwa sama, ki matse ɗuwawu, ki ja cibiya ciki, haƙarƙari ya rufe. Ina yawan ɗora tafin hannuna a saman kan yarinya, da ɗan tazara kamar faɗin yatsa uku, in ce, "Taɓo hannuna da tsakiyar kanki." Nan take za ka ga jikin ya haɗu wuri ɗaya, ba sai na lissafa mata gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ba.

Shiri da hannuwa

Mu ɗauka da ƙafar hagu kike juyi, zuwa hagu, wanda shi ne juyin da aka fi farawa da shi: ana juyawa ta ɓangaren ƙafar da aka tsaya a kai. Idan ke ta dama ce, sai ki juya maganar.

Ki taka da hagu a gaba, yatsu sun ɗan kalli waje kaɗan, gwiwa ta ɗan lanƙwasa. Ƙafar dama tana baya. Tambayar da zan yi miki a nan ita ce, ina nauyinki yake? Idan zan iya zuwa in ɗaga ƙafarki ta baya da hannuna ba tare da kin motsa ba, shirinki ya yi. Idan sai kin turo jiki gaba kafin ƙafar ta tashi, to kin bar nauyi a baya, kuma za ki yi aiki biyu a lokaci ɗaya: ki kawo jiki kan ƙafa, ki kuma juya. A nan ne yawancin faɗuwa ta baya ke samo asali. Shi ya sa ba na son doguwar taka kafin juyi. Gajeriyar taka, ƙugu a saman yatsun gaba, kafaɗa a saman ƙugu.

Hannun hagu yana gaba a ɗan lanƙwashe, daidai ƙasan ƙirji, na dama yana gefe. Hagun ya buɗe zuwa gefe, daman ya biyo ya rufe, su haɗu a gaban ƙirji ko su wuce saman kai. Iyakar aikin hannu ke nan. Kuskuren da na fi gani shi ne a ja hannun dama can baya kafin a fara, a murɗe kafaɗa kamar mai shirin jifa. Wadda ta yi haka ta riga ta raba kafaɗa da ƙugu, kuma tilas ɗaya ya jira ɗaya a hanya. Hannun gefe kada ya wuce inda gefen idonki ke iya hango shi. Hannun da ke buɗewa ma ya tsaya a gefe, kada ya zarce baya.

Game da sauri, duk wanda ya taɓa kallon masu rawa a kan ƙanƙara ya ga yadda suke ƙara gudu idan suka janyo hannu jikinsu. Haka abin yake a nan: matso da hannu kusa, juyi ya yi sauri, buɗe shi, juyi ya lafa. Wannan shi ne birkinki. Don haka juyi ɗaya ba ya bukatar a matse hannu a ƙirji ƙam. Zagaye mai faɗi, kamar kin rungumi babbar ƙwallo, ya isa, kuma ya fi sauƙin tsayarwa.

Tsarin lokacin shi ne gaba ɗayan sirrin, kuma da baki nake koya shi. Ina cewa, "Hau, juya." Kalma biyu, ba ɗaya ba. A zahiri tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba, mai kallo ba zai gan ta ba, amma dole ta kasance a cikin kanki. Ƙafar dama kuma ta tafi wurinta kai tsaye, ta bi ta kusa da ƙafar tsaye ta hau gefen gwiwa. Idan ta yi yawo ta waje kafin ta iso, za ta ja ƙugu ta tafi da shi. Wata dabara da ke taimaka wa wasu: maimakon ki yi tunanin kafaɗa ce ke jan juyi, ki ji kamar dunduniyar ƙafar tsaye ce kike turawa gaba ta zagaya. Da hankali ya koma ƙasa, sai hannu ya daina wuce gona da iri.

Ido

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai yana juyawa. Idan kika tsaya cak, ruwan bai tsaya tare da ke ba, shi ne jirin da ake ji. Maganinsa ido ya sami abin riƙewa. A kan katako abin riƙewar a shirye yake: ƙarshen katakon da ke gabanki. Ki kafa masa ido, jiki ya fara tafiya kai yana nan, sai wuya ya kai iyakarsa, sannan kai ya zagayo da sauri ya riga jiki komawa wurin.

Abin lura shi ne da ido ake kallon ƙarshen katako, ba da haɓa ba. Kai yana da nauyi, idan kika sunkuyar da shi ya fita daga kan ginshiƙin, sauran jiki zai bi. Idan juyin ya faɗo kusa da bakin katako, inda ƙarshen ya yi miki kusa, ki nemi wani abu a ƙasa can gaba a kan layi ɗaya, kamar bakin katifa. Nakan manna ɗan farin tef a ƙarshen katakon atisaye na mako biyu ko uku, sannan in cire shi, domin ranar gasa babu mai manna miki.

Sauka

Ki gwada wannan gobe: ki yi juyinki, idan kin cika zagaye kada ki sauke dunduniya. Ki tsaya a sama, ki ƙirga ɗaya, biyu, sannan ki sauke ta da kanki, sannan ƙafar dama ta miƙe ta taka gaba, gwiwa ta ɗan karɓi nauyi, hannuwa su buɗe gefe suna danna iska ƙasa. A karon farko wataƙila cikin goma ba za ki sami biyu ba. Wannan ba abin kunya ba ne, gaskiyar juyinki ce ta fito. Yawancin 'yan wasa faɗowa suke yi daga juyi, sai dai sun iya sa ƙafa a inda za su faɗa. Ranar da gabansu ya faɗi, ƙafar ta kuskure da santimita biyu, shi ke nan. Wadda ta saba ƙarewa a sama kuwa tana da zaɓi, ita ke cewa yanzu zan sauka.

Inda kika faɗa yana ba da labari, saboda haka kada ki tashi daga katifa ki ce "na faɗi" kawai. Ki ce ta ina. Idan baya kike zuwa, duba nauyin da kika bari a ƙafar baya, ko haƙarƙari da ya buɗe, ko hannuwan da suka wuce bayan kunne. Idan gaba ce, yawanci haɓa ce ta sauka ko ƙugu ya karye. Idan kina gangarawa ɓangaren da kike juyawa, kafaɗar da ke gaba ta faɗi, ko ƙarfi ya yi yawa. Idan kuma ɓangaren ƙafar da ke naɗe ne, ƙugunki bai zauna a saman ƙafar tsaye ba tun farko. Ina sa 'yan ajina su riƙa rubuta wannan a ɗan littafi, harafi ɗaya kawai bayan kowane juyi. Bayan mako guda sai ka ga shafi cike da harafi iri ɗaya, ba sai an yi gardama a kan abin da za a gyara ba.

Hawa matakai kuwa sananne ne, ba zan daɗe a kai ba: layi a ƙasa, ƙaramin katako, matsakaici, dogo da katifu a tare a ƙarƙashinsa, sannan a riƙa zare katifun. A kowane mataki a fara da rubu'in juyi, a tsaya a sama, rabi, a tsaya a sama, sannan cikakke. Ba na matsar da yarinya gaba sai ta samu 8 cikin 10 masu tsabta kwana uku a jere. Rabin juyin nan kada ki raina shi. Duk ranar da cikakken ya ƙi, koma wa rabi sau biyar, za ki ji inda abin ya kuɓuce.

Akwai maganar tafin ƙafa da saman katako, wadda ba a cika yi ba. Katakon zamani an lulluɓe shi da abu mai kama da fata mai laushi, kuma ba duka suke ɗaya ba: sabo yana kama ƙafa, tsoho ya yi sulɓi a wuraren da aka fi takawa. Gumi yana sa ƙafa ta manne ko ta zame, garin alli yana busar da ita. Wasu suna juyi da ƙafa tsirara, wasu da ɗan takalmin katako, wasu su naɗe gindin yatsu da tef. Ban ce wani ya fi wani ba. Abin da na hana shi ne a yi atisaye wata uku da safa, ranar gasa a hau babu ita, domin ƙarfin da ke kai ki zagaye ɗaya da safa ba zai kai ki ba idan fata ce ke murzawa. Ki kuma kula da kantar da ke fitowa a gindin babban yatsa. Idan ta yi kauri ta bushe takan tsage, kuma mai tsagaggen tafi ba za ta yarda ta hau har sama ba ko da ta so. A riƙa goge ta kaɗan-kaɗan bayan wanka, a shafa mai da dare.

Manyan juyi

Duk mai shakkar cewa juyi yana kai mutum nesa, ta nemi wasan Sanne Wevers ta ƙasar Holan a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Tana da shekara 24 ta ci zinare a katako da maki 15.466, a gaban Laurie Hernandez da Simone Biles na Amurka, kuma da juyi iri-iri da ta sarƙa cikin juna ta tara kaso mai yawa na makinta, ba da yawan alkafura ba. Juyi biyu da ƙafa a miƙe a gaba daidai ƙugu, sunanta yake ɗauke da shi a littafin dokoki. Juyi uku a kan ƙafa ɗaya sunan Betty Okino ta Amurka, juyi biyu da ƙafa a riƙe can sama kusa da kai sunan Aiko Sugihara ta Japan, juyi uku a tsugune kuma sunan Lauren Mitchell ta Ostareliya. Idan kina kallon Wevers, ki bar kallon ƙafar da ke sama. Ki kalli dunduniyar da ke ƙasa, ki ga tsayinta, ki ga yadda kafaɗunta suke kwance kamar ba abin da ke faruwa.

Daga juyi ɗaya zuwa biyu, abin da ake ƙarawa ba ƙarfi ba ne sosai, daɗewa a sama ne da kuma kai da zai zagayo sau biyu a kan kari ɗaya. Nakan tafa hannu sau biyu, "ɗaya, biyu", kai ya bi tafin. Wadda ke iya yin juyi ɗaya ta tsaya a sama sakan uku, rabin aikin na biyu ta riga ta yi shi. A juyin da ake miƙe ƙafa a gaba, dokar ita ce ƙafar ta tsaya a matsayinta tun daga farko har ƙarshe. Ta sauka ƙasa da ƙugu a hanya, alƙalai su ba ki darajar juyi mai sauƙi. Wannan aikin tsokar gaban cinya da ta ciki ne, kuma a ƙasa ake gina shi: ki jingina bayanki da bango, ki ɗaga ƙafa daidai ƙugu, ki riƙe sakan 20 ba tare da ƙugu ya karkata ko baya ya lanƙwashe ba.

Juyin tsugune, wanda 'yan wasa ke kira wulf, ya yaɗu ƙwarai a shekarun nan, kuma ina da ra'ayi a kansa. Ana ɗaukarsa da sauƙi saboda jiki yana kusa da katako, sai a ba yarinyar da idon sawunta bai ƙosa ba. A tsugune gwiwa tana lanƙwashe har ƙarshe, nauyi duka a kanta; idan tafin ƙafa ya kama katako bai murza ba alhali jiki ya tafi, gwiwar ce ke karɓar murɗar. Kafin in yarda a fara shi sai na ga yarinya tana iya tsugunawa a ƙafa ɗaya, dunduniya a ɗage, ɗayar ƙafar a miƙe a gefe, ƙirji a tsaye, ta riƙe ba ta dafa ba. Kuma duk wadda ta ce mini gwiwa tana mata zafi a cikinsa, mun tsaya ke nan a ranar, sai mai duba lafiya ya gani.

Wani abu da nake so iyaye da masu horarwa su sani: juyi yakan ɓace lokacin da yarinya ta fara tsawo. Ƙafa ta ƙara tsayi, ƙugu ya buɗe, tsakiyar nauyin jiki ta canja wuri, abin da ta saba ji jiya ba shi ne yau ba. Yarinyar nan da na fara da labarinta, bayan juyinta ya gyaru har ta fara na biyu, a shekara 13 ya sake watsewa. Na yi kuskure a lokacin, na ɗauka sakaci ne, na ƙara mata yawan maimaici a kan dogon katako, abin ya ƙara dagulewa, har ta fara jin tsoron motsin da ta riga ta mallaka. Sai da na auna ta a jikin bango na ga yadda ta miƙe cikin 'yan watanni, sannan na gane. Na ba ta haƙuri, muka koma layin ƙasa da tsayuwar sakan 10, kamar ranar farko. Wajen wata biyu muka yi kafin ya dawo, kuma da ya dawo ya fi na da kyau, domin ƙafar ta fi ƙarfi.

Saura juyi a cikin wasa. Juyin da aka yi da hutaccen jiki daban, wanda aka yi a tsakiyar wasa na sakan 90, bayan tsalle da alkafura, zuciya na bugawa, daban. Saboda haka kashi ɗaya cikin uku na juyin da muke yi a atisaye, da gajiya muke yin sa: a yi gudu a wuri ɗaya na sakan 30, a hau, a juya. Wani lokaci in tara sauran yaran su zauna su yi tsit suna kallo, domin shirun ɗakin gasa yana da nasa nauyi. Ki kuma haɗa juyin da takun da ke gabansa da wanda ke bayansa, kullum iri ɗaya, har numfashin: ki fitar da iska a kan taka, kafaɗa ta sauka, sannan ki hau. Kada ki tsaya kina gyara ƙafa kina kallon katako kafin ki fara. Alƙalai suna cire maki a kan dogon jinkiri da gyare-gyaren tsayuwa, kuma a iya abin da na gani, duk sakan da aka ƙara ana shiri, tsoro ne yake ƙara samun wurin zama.

A manyan gasanni, kafin a fara akan ba kowace 'yar wasa sakan 30 ta taɓa katakon da za ta yi wasa a kai. Kowa alkafurarta take rugawa ta gwada, kuma da gaskiyarta. Ni dai ina roƙon nawa su ware sakan biyar na ƙarshe: su je daidai wurin da juyin zai faɗo a cikin wasa, su murza gindin yatsu a kai sau ɗaya su ji ko yana kamawa ko yana sulɓi, su hau ɗage, su yi juyi ɗaya, su tsaya a sama, sannan su sauko.